Tambaya: wutsiyoyin maiƙon tantanin E. coli sun sauya da sanyi, kawunan kuwa ba su motsa ba. Me ke riƙe da wannan ma'auni?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina roƙon a warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai game da tantanin bakteriya.

Na raini E. coli K-12 a ruwan raino na LB, kwalba ɗaya a digiri 37, ɗaya a digiri 20, duka na bar su suna kaɗawa har sa'a 16. Na tatso maiƙon tantanin da hanyar Bligh da Dyer, na raba shi biyu. Rabi na ɗiga a farantin TLC, mai rarrabe nau'o'in maiƙo, na bayyana shi da tururin aidin, rabin kuma na dafa shi da metanol mai asid na kai GC, na'urar da ke rarrabe wutsiyoyin maiƙon.

A farantin, tabo uku ne suka fito a kowane samfuri, PE (fosfatidil-etanolamin) da PG (fosfatidil-gilisarol) da kadiyolifin, nau'o'in fosfolifid, watau maiƙon tantani mai kai da wutsiyoyi, waɗanda kawunansu ke bambanta su, kuma girmansu kusan ɗaya ne a zafi da sanyi. A GC kuwa abin ya sha bamban. Samfurin sanyi ya cika da wutsiyoyin 18:1 da 16:1 (lamba ta farko yawan kabon ɗin wutsiyar ce, ta biyu yawan ɗauri biyun da ke cikinta), na digiri 37 kuma 16:0 ce ta mamaye shi, 16:1 ta kusa ɓacewa, ga wasu ƙananan kololuwa da ba su dace da komai a ma'aunina ba.

Tambayoyina: me ya sa kan fosfolifid bai damu da zafi ba alhali wutsiya ta sauya haka? Wane enzayim ne yake jin sanyin? Kuma ina 16:1 ta tafi a digiri 37? Allah Ya saka da alheri.

Malamin Bayokemistiri

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Zan ɗauki maganar kai, in bar wutsiya ga waɗanda suka fi ni zama da ita.

Abin da kika gani a farantin ba kuskuren hannu ba ne. A E. coli da ke tsakiyar girma, PE tana kai wajen kashi 75 cikin ɗari na fosfolifid, PG wajen kashi 20, kadiyolifin ta ɗauki ɗan ragowar, kamar kashi 5. Wannan rabo yana da taurin kai ƙwarai, kuma dalilinsa yana wuri ɗaya a kan hanyar ƙera su.

Enzayim ɗin PlsB ne ke ɗora wutsiya ta farko a kan gilisarol-3-fosfet, PlsC ya ɗora ta biyu, a sami asid fosfatidik. CdsA ya haɗa shi da CTP, a sami CDP-DAG. To nan ne mararraba. In PssA ya riga kama CDP-DAG, sai ya liƙa masa serin, Psd ya fizge kabon dayoksaid nan take, PE ta fito. Saboda saurin Psd ne ma da ƙyar ake ganin PS, watau abin da ake samu bayan liƙa serin, a faranti. In kuwa PgsA ya riga, sai a sami PGP, ɗaya daga cikin PgpA, PgpB ko PgpC ya cire fosfet, PG ta fito. Daga baya ClsA ya ɗaure PG biyu su zama kadiyolifin ɗaya. Kaya ɗaya, masu saye biyu.

Abin lura shi ne PssA na E. coli ba a dase yake cikin tantanin ba. Zama yake yi a fuskarsa ta ciki, kuma abin da ke jawo shi shi ne cajin nagatif na PG da kadiyolifin. PE ba ta da caji a jimlace, domin na fosfet da na amin sun kashe juna. Don haka idan PG ta yi yawa, PssA ya ƙara mannewa, aikinsa ya ƙaru, PE ta kwararo ta tsarma cajin. Da cajin ya ragu sai riƙonsa ya sassauta, CDP-DAG ya samu wucewa zuwa PgsA. Tantanin da kansa ne ke faɗa wa enzayim ɗin abin da ya rasa, ba a jiran wani saƙo daga ƙwayoyin gado. Shi ya sa ko an tilasta wa bakteriyar ta ƙera PssA ninki masu yawa, rabon ba ya gusawa sosai. Masu bincike a Japan sun gwada musanya shi da Pss na Bacillus subtilis, wanda shi dasasshe ne a cikin tantani, sai ga yawan PE yana bin yawan enzayim ɗin, ma'aunin ya kwance. A ganina wannan gwaji ya fi kowace hujja ƙarfi a kan batun.

Me ya sa bakteriyar ta nace haka? Caji ɗaya ne daga ciki, siffa ce ta biyu. Kan PE ƙarami ne a kan faɗin wutsiyoyinta, kamar mazurari, don haka tana sa wa tantanin wani matsi na son lanƙwasawa, wanda furotin da yawa da kuma rabuwar ƙwayar ke buƙata. Ɗakin binciken William Dowhan a Houston ya cire pssA, ƙwayar gadon da ke ba da PssA, gaba ɗaya. Bakteriyar ta rayu, amma sai an zuba mata magniziyam mai yawa, wajen milimola 50, kuma tana miƙewa ta zama dogon zare saboda rabuwa ta gagara yadda ya kamata. Abin da ya fi ba da mamaki, LacY, furotin mai shigo da laktos wanda ke ratsa tantani sau 12, rabinsa na farko ya shiga a juye. Laktos na iya zurarowa ta cikinsa, amma ya kasa tara shi a ciki da ƙarfi. Da aka dawo da PE, sai ya koma kusa da daidai. Cire pgsA kuma ya fi muni: yana kashe ƙwayar sai in an haɗa da cire lpp, ƙwayar gadon wani lifofurotin, domin daga PG ake ɗauko maiƙon da ake ɗaura wa lifofurotin kafin a tura shi tantanin waje.

Sanyi ba ya canza cajin kai, saboda haka wannan ma'auni ba shi da dalilin motsawa a gwajinki.

Mai Nazarin Maiƙo

Malam ya gama da kai. Ga wutsiya.

Ki tuna man ja a lokacin hunturu, yadda yake daskarewa a kwalba, man gyaɗa kuwa ya fi shi jure sanyi. Bambancin daga siffar sarƙar ne. Sarƙa miƙaƙƙiya irin 16:0 tana jeruwa da 'yan'uwanta tsaf, ba ta narkewa sai wajen digiri 63. Sarƙar da ke da ɗauri biyu na cis a tsakiya tana da gwiwa, ba ta jeruwa: 16:1 na narkewa kusa da sifili, 18:1 ta E. coli wajen digiri 15. Idan tantani ya daskare, furotin ɗin numfashi da na shigo da abinci su tsaya. Idan ya yi ruwa da yawa, ya riƙa yoyon furoton. Marr da Ingraham sun nuna sauyin sarƙoƙin da zafi tun 1962, Sinensky kuma ya auna a 1974 ya ga laushin tantanin yana zama kusan ɗaya ko a wane zafi aka raini bakteriyar.

E. coli ba ta da enzayim da ke sa gwiwa a sarƙar da aka riga aka gama. Tun ana tsakiyar ƙera ta ake yanke hukunci, a daidai kabon 10. FabA yana cire ruwa daga sarƙar ya ba da trans-2-desenoyil, kuma yana iya juya wannan zuwa cis-3-desenoyil, ya kuma mayar da shi. Mararraba ce ita ma. In FabI ya kama na trans, sai ya share ɗauri biyun, sarƙar ta ci gaba a miƙe har 16:0. In FabB ya kama na cis, sai ya ƙara tsawonta da gwiwar a ciki har 16:1. Bakteriyar da aka lalata wa fabA ko fabB ba ta girma sai an zuba mata oleyet a abinci, domin tana buƙatar aƙalla kashi 15 zuwa 20 na sarƙoƙi masu gwiwa.

Mai jin sanyin da aka daɗe da sani shi ne FabF. Shi ke ƙara kabon biyu a kan 16:1 ta zama 18:1, kuma a sanyi ya fi riƙe ƙarfinsa a wannan aiki idan aka kwatanta da sauran. Aikin ɗakin binciken John Cronan ya nuna ƙerar 18:1 tana tashi cikin daƙiƙa 30 da sauke zafi, ko da an toshe ƙera sabon furotin. Watau enzayim ɗin yana nan tun farko, halinsa ne ya bi zafi. Amfanin wannan ƙarin tsawo ba a bayyane yake ba sai an duba PlsB. PlsB ba ya son 16:1 a gurbin farko, 16:0 yake so, amma yana karɓar 18:1. Don haka da 18:1 ta yawaita sai ta riƙa ture 16:0 daga gurbin farko, a sami fosfolifid mai gwiwa a wutsiyoyi biyu duka. Wannan ne 18:1 ɗin da kika gani a samfurin digiri 20.

A bayan wannan akwai masu riƙe linzami a hankali: FadR yana kunna fabA da fabB, ya saki idan an sami maiƙo daga waje, FabR kuma yana danne su idan sarƙoƙi masu gwiwa sun yi yawa.

Ma'aikaciyar Ɗakin Gwaji

Bayanin malaman biyu daidai ne, amma 'yar'uwa, gwajin naki bai kwatanta zafi da sanyi kaɗai ba. Ya kwatanta tsohuwar bakteriya da matashiya. Bayan sa'a 16 a digiri 37, abinci ya daɗe da ƙarewa, girma ya tsaya. Ta digiri 20 kuwa tafiyar hawainiya take yi, wataƙila yanzu take kusantar tsayawa. Nan amsar tambayarki ta uku take.

Da girma ya fara tsayawa, furotin RpoS yana kunna ƙwayar gadon cfa. Enzayim ɗin Cfa yana ɗauko kabon ɗaya daga sinadarin SAM ya gitta shi a kan ɗauri biyun, ya zama zobe mai kusurwa uku, kuma a kan fosfolifid ɗin da ke zaune cikin tantani yake yin aikin. 16:1 ta koma cy17:0, 18:1 ta koma cy19:0. Gwiwar tana nan, amma tantanin ya ƙara toshewa, kuma an nuna bakteriyar da ba ta da cfa ta fi saurin mutuwa a asid mai pH 3. Saboda haka 16:1 ɗinki ba ta ɓace ba, riga ta sauya. Matsalar ita ce dafawa da metanol mai asid, ko da BF3, tana fasa wannan zobe ta bar tarkace iri-iri. Ƙananan kololuwar da kika kasa ganewa, zatona mafi ƙarfi su ne wannan tarkace.

Ga yadda zan ba ki shawara ki sake shi. Ki raini kwalba ɗaya a digiri 37 har OD600, ma'aunin yawan ƙwayoyi a ruwan raino, ya kai 0.3, ki raba biyu, rabi ki mayar cikin bahon ruwa da ya riga ya zauna a digiri 20. Bahon ruwa, ba inkubeta mai iska ba, domin a iska kwalbar na iya ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta huce. Ki girbe duka biyun a OD ɗaya, kada ya wuce 0.6. Kada ki tsaya wanke ƙwayoyin na minti 20 a injin juyi mai digiri 4. Wannan shi kansa bugun sanyi ne, kuma yunwar da ke tare da shi tana tayar da kadiyolifin. Juyi gajere, ki zubar da ruwan, ki afka su cikin sinadarin tatsa.

Awon tatsar: ƙwayoyi a ruwa mililita 0.8, kulorofom mililita 1, metanol mililita 2. Dole ya zama ruwa ɗaya marar rabuwa. In ya rabu, ruwan ya yi yawa. Ki kaɗa, ki bar shi ya jima, sannan ki ƙara kulorofom mililita 1 da ruwa mililita 1. Na ƙasa shi ne naki. Kwalabar gilashi mai murfin Teflon kawai, domin kulorofom yana tatso sinadarai daga roba su fito a GC kamar maiƙo, kuma a cikin akwatin zuƙe hayaƙi za ki yi aikin. Ki busar da iskar naitirojin.

Don GC, ki yi amfani da sodiyam metoksaid mola 0.5 a busasshen metanol, minti 10 a digiri 50, ki kashe shi da ɗan asid asetik, ki ɗebo da heksan. Zoben zai tsira. Sharaɗin shi ne bushewa: ɗigon ruwa kaɗan zai mayar da samfurin sabulu, ki rasa rabinsa. Tun kafin tatsa ki zuba ma'aunin ciki, fosfolifid mai wutsiya 19:0. Wajen lissafi kuma ki tara 16:1 da cy17:0 wuri ɗaya, 18:1 da cy19:0 wuri ɗaya, kafin ki raba da miƙaƙƙun.

Game da farantin: aidin ba ma'aunin yawa ba ne. Ɗauri biyu yake kamawa sosai, don haka samfurin sanyi zai fi duhu ko da maiƙon ɗaya ne, mai zobe kuma ya yi haske. Ina kyautata zaton kadiyolifin ɗin samfurin digiri 37 ta ɗan fi yawa, aidin ne ya ɓoye. Ki gasa farantin silika a digiri 110 na rabin sa'a kafin aiki, musamman da damina da yake shan laima, ki tafiyar da shi a kulorofom, metanol da asid asetik 65:25:10. Ninhaidirin zai nuna miki PE saboda amin ɗinta. Don yawa, ki kankare kowane tabo ki auna fosfet, ki raba na kadiyolifin biyu tunda fosfet biyu gare ta.

Mai Neman Sani

Na gode ƙwarai, malamai, Allah Ya ƙara basira. Batun cfa da asid bai zo mini ba ko kaɗan. Saura abu ɗaya: ina so in haɗa da Bacillus subtilis da Staphylococcus aureus don kwatance. Shin hanyar FabA da FabF ɗin ce su ma suke bi, kuma tatsar ɗaya ce?

Malamin Bayokemistiri

A'a, ba su da FabA, dabararsu daban ce.

B. subtilis na da matakai biyu. Na gaggawa shi ne wanda ɗakin binciken Diego de Mendoza a Rosario ta ƙasar Ajantina ya warware, aka buga a 2001. DesK furotin ne mai ratsa tantani sau biyar. Idan sanyi ya sa sarƙoƙi suka miƙe, tantanin yana ƙara kauri, kuma kaurin ne DesK yake ji, ba zafin kai tsaye ba. Sai ya ɗora fosfet a kan DesR, DesR ya kunna des, enzayim ɗin Des ya sa ɗauri biyu a kabon na 5 na sarƙoƙin da ke cikin tantani. Da laushi ya dawo, DesK ɗin nan dai ya juya ya riƙa cire fosfet daga DesR, aikin ya tsaya. Des yana buƙatar oksijin, don haka kwalbar da aka cika maƙil ba ta samun iska za ta ba ki sakamako mai rauni. Ruwan kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na kwalbar.

Mataki na dogon zango shi ne sarƙoƙi masu reshe. FabH ne ke zaɓen tubalin farko. In ya fara da wanda ya fito daga lusin ko balin, reshen yana kusa da ƙarshen wutsiya, irin iso. In daga aisolusin ne, reshen ya matso ciki da kabon ɗaya, irin anteiso. Wannan ɗan matsi ba ƙarami ba ne: iso-15:0 na narkewa wajen digiri 52, anteiso-15:0 kuwa kusa da 25. Da wannan ne Listeria monocytogenes ke girma a firij mai digiri 4. Hujjar cewa yanayin tantanin DesK yake ji, ba zafin ba: in aka hana B. subtilis aisolusin a abinci, des yana kunnuwa ko a digiri 37. Darasinki a nan shi ne abincin raino yana canza sakamako kamar yadda zafi ke yi. LB cike yake da waɗannan amino asid, ruwan raino marar su zai ba da wani hoto daban.

S. aureus ba ta ƙera sarƙa mai ɗauri biyu da kanta. Reshe take dogara da shi, tare da launin ruwan zinaren nan nata da ke ƙara wa tantanin tauri. Amma tana ɗaukar maiƙo daga waje ta hanyar FakA da FakB ta sa a tantaninta, saboda haka in akwai sinadarin Tween 80 ko ruwan jini a abincin za ki ga 18:1 wadda ba tata ba ce. Kawunanta ma daban ne: kusan babu PE, PG ce ke da rinjaye. Tana gyara caji ne da MprF, wanda ke ɗauko laisin daga tRNA ya ɗaura wa PG ta koma mai cajin fozitif, sannan ya juya ta zuwa fuskar waje. Hakan na tunkuɗe ƙananan furotin masu kashe bakteriya na jikinmu, kuma an sha samun sauye-sauye a mprF a cikin nau'o'in da daftomaisin ya daina ci sosai. Laisil-PG tana kama ninhaidirin, kada ki ɗauke ta PE. Kuma laisin ɗin yana saurin ɓallewa in pH ya haura, don haka ki ajiye ruwan tatsar da ɗan tsami.

Bangon waɗannan biyun mai kauri ne, yana riƙe kadiyolifin. In ba ki fasa shi da farko ba, da laisozayim ga Bacillus, laisostafin ga S. aureus, adadinta zai fito ƙasa da gaskiya.

Mai Nazarin Maiƙo

Ƙarin gyara a kan abin da na rubuta ɗazu, don kada ki ɗora wa FabF nauyin duka. Wani aiki daga Delft ta ƙasar Holan da aka buga a 2024 ya auna sarƙoƙin da ke kan ACP, furotin ɗin da ke riƙe sarƙa yayin ƙera ta, bayan sauya zafi, ya nuna mararrabar FabI da FabB ita kanta tana bin zafi: a sanyi kaya sun fi karkata ga FabB nan take, har su zarce gejin da ake so, daga baya FabR ya ja da baya. Zarcewar ce ke sa tantanin ya daidaita cikin kamar rabuwa ɗaya.

Wannan yana da tasiri a kan lokacin ɗibar samfurinki. Tunda E. coli ba ta sa gwiwa a tsofaffin wutsiyoyi, sababbi ne ke tsarma su a hankali. In kika ɗiba minti 5 bayan sauke zafi kika auna jimlar maiƙo, kusan babu abin da za ki gani, alhali enzayim ɗin sun riga sun sauya. Don ganin sababbin kaɗai, ki zuba asetet mai kabon-13 a daidai lokacin da kika mayar da kwalbar cikin bahon, ki ɗiba a minti 5, 15, 30 da 60, ki karanta da GC mai haɗe da ma'aunin nauyin ƙwayoyi. In na'urar babu, ki jira bakteriyar ta ninka sau biyu ko uku a digiri 20 kafin girbi, kuma ki fara daga OD 0.1 don kada ta kai ga tsayawar girma Cfa ya sake shiga.